Sule Mai Tauraro

Hayyul Ashir, Alƙahira
8 ga Satumba, 2013

Zuwa ga Yayata Yelwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Baba? Ya damina a Gusau? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Cikin ya cika wata shida, kuma likita ta ce komai daidai yake.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da ko a makaranta sai an tsaya a kaina nake rubutu. Dalili shi ne tun rikicin watan jiya maigidana, ƙaninki Malam Harun, ya ce waya ta gaisuwa ce kawai, kada in wuce ina kwana da ina gajiya, don ba a san mai saurare ba. Ni kuwa kin san halina, in magana ta taru a cikina ko abinci ba ya shiga. Shi ya sa na roƙi Hajiya Baraka, mai zuwa sarin abaya a kasuwar Ataba, ita da abokan fataucinta su riƙa ɗaukar mini saƙo.

Garin nan ba yadda na same shi ba ne, Yaya. A bakin layinmu akwai motar soja, tun ranar da aka ajiye ta ba ta motsa ba. Masu shago sun rage surutu, su da ba sa iya sayar miki da tumatir ba su ba ki tarihin kakansu ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gemu ya zama abin tuhuma. An ɗauki ɗalibai biyu 'yan ƙasarmu a layin bayanmu sun fita sayen burodi, sai da suka kwana tara aka sako su. Abokan Malam da yawa sun aske nasu ƙwal. Shi dai ya ɗan rage, ya ce sauran sunna ce, ba zai taɓa ba. Saura wata uku ya kare kundin digirinsa na biyu a gaban malamai. Shekara bakwai ke nan yana ƙasar nan saboda wannan rana, ni kuma ba abin da nake roƙo sai mu kai ta lafiya mu tattara mu dawo.

Amma kada ki ɗauka duk wannan ya dami ƙanin naki. Kin tuna bincikensa a kan nauyin dinari da dirhami ne a hukuncin zakka. To daga neman tsohon dirhami ɗaya don ya auna, ya faɗa tara sulallan duniya. Yanzu yana da wani kundi mai kauri, kowane shafi ƙananan aljifan leda ne, kowane aljihu da sulensa da 'yar takardar bayaninsa. Ba ya taɓa su sai da farin ƙyalle, wai gumin yatsa yana ɓata su. Ni da nake ɗauke da ɗansa ban taɓa samun irin wannan lallami ba.

Mai zuga shi wani dattijo ne ɗan Indiya da ke sayar da yadi a Ataba, Baba Gurmukh Singh. Farin rawani, farin gemu har ƙirji, fararen tufafi, ga carbin farin ulu a wuya. Ranar da Malam ya fara ganinsa ya ɗauka wani shehin ɗariƙa ne, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙofar shago yana neman addu'a. Dattijon ya yi dariya har da hawaye, ya ɗaga shi, ya gaya masa shi ba Musulmi ba ne, addininsa Sikh ake kira, amma fatan alheri ba ya hana kowa. Tun ranar suka ƙulla, don ashe shi ma ciwon sulallan ne da shi.

Yanzu abin da ya hana Malam sukuni wani sabon sule ne da Indiya ta fitar don tunawa da jama'ar su Baba Singh, waɗanda ake kira Namdhari, da suka ƙi miƙa wuya ga Turawan mulkin mallaka. Wani ɗan'uwan dattijon zai zo da su ƙarshen wata. Duk bayan kwana biyu sai Malam ya tafi Ataba jin ko an iso, ya ratsa shingen bincike biyu da gemun nan nasa, ni ina gida hannu a ƙirji har in ji takunsa a matakala.

In Hajiya Baraka za ta dawo, don Allah ki haɗo mini daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa. Kwaɗayin ciki ya sa ni gaba. Ki gaishe da Baba da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Juwairiyya

Hayyul Ashir, Alƙahira
29 ga Satumba, 2013

Yaya Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida, da fatan kowa yana lafiya. Na ji daɗin jin Baba ya fara takawa zuwa masallaci.

Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri. Na kwance ƙullin daddawar na zauna ina shaƙa kamar wata marar hankali, har maƙwabciyata Bakhita, wata Bahaushiyar Sudan da muke hawa ɗaya, ta leƙo ta ce ƙamshin ya tuna mata da kakarta. Amma Yaya, saƙon nan ya jawo mini abin da ban iya gaya wa kowa ba. Ke ma sai da na yaga takarda biyu kafin wannan.

Bari in fara daga farko. Ranar Talata sulallan Malam suka iso. Ya shigo yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, ya shimfiɗa farin ƙyallensa a kan tebur ya jera su. Guda huɗu ne, ruwan zinariya, ba su kai murfin kwalba girma ba. A fuska ɗaya akwai zakuna da lamba biyar. A ɗayar akwai wani dattijo mai rawani da gemu, kusa da shi mutane rataye da igiya, ga wasu tsaye a bakin igwa. Ina gani tsigar jikina ta tashi. Na ce masa wane irin kuɗi ne wannan da ake zana gawa a jikinsa, ya fitar mini da shi daga gida ina da juna biyu.

Sai ya zaunar da ni ya ba ni labarin yadda Baba Singh ya ba shi. Wai mutanen nan sun ƙi sa yadin Turawa, sun ƙi kai ƙara kotunsu, sun ƙi ma aika wasiƙa ta gidan wayarsu, sai dai hannu da hannu, kamar ni da ke. Da abin ya kai ga faɗa, aka jera da yawa daga cikinsu a bakin igwa aka harba. Malam ya ce da dattijon ya kawo nan sai ya juya yana gyara yadin da ba ya bukatar gyara. Na tausaya, amma zuciyata ba ta kwanta da hoton ba. Malam ya ci gaba da wani dogon bayani a kan dalilin da ya sa huɗu ne, ni kuwa na koma kan miyata, ina amsa masa da to, to, ba tare da na ji ko kalma ɗaya ba.

Washegari da safe ya tafi ɗakin karatu, ya bar su a kan tebur don bai rubuta musu takardun bayani ba. Da hantsi Hajiya Baraka ta biyo a tasi tana sauri, ta ajiye ƙullinki a ƙasa wurin mai gadin gidanmu, Ammu Sharif. Tsoho ne daga kudancin ƙasar, kuma na'urar hawa benen ta lalace, don haka da ƙafa ya hau hawa biyar da kayan a ka. Na buɗe ƙofa na gan shi yana haki, gumi har cikin gashin baki.

Kin san tarbiyyar Inna, Allah ya ji ƙanta. A gidanmu wanda ya kawo saƙon kyauta ba ya juyawa ba tukuici, ko da ƙwayar goro ce. Na duba jaka, na duba gwangwanin da nake zuba canji, ko ƙarfe ɗaya babu. Tsohon yana tsaye, kunya ta rufe ni. Sai idona ya kai kan tebur. Na ce a raina guda huɗu ne iri ɗaya, wanda yake da uku me ya rasa? Kuma ba zan ɓoye miki ba, na so a rage mini su a gidan. Na ɗauki ɗaya na miƙa masa. Ya juya shi, ya sumbata, ya ɗora a goshi, ya sauka yana sa mini albarka.

Da Malam ya dawo ya ga uku, Yaya, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗaga katifa, ya ja firji, ya zazzage kwandon shara a kan jarida. A nan ne na ji bayanin da na ƙi saurara ranar Talata. Ashe gidajen buga kuɗi huɗu ne a ƙasar tasu, kowanne da 'yar alamarsa a jikin sulen wadda sai da gilashi ake gani, kuma mai tarawa sai ya haɗa huɗun yake cewa ya samu. Wanda ya ɓata shi ne mai tauraro, wanda ɗan'uwan Baba Singh ya fi shan wahalar nemowa. Ya tambaye ni ko na yi shara. Na ce na yi, amma ban ga komai ba. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi masa tun da aka kai ni ɗakinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne washegari. Ya fita da safe, ya dawo da azahar, bai ƙara neman komai ba. Ya zauna ya sa ukun a aljifansu, ya rubuta wa na huɗun takardarsa ya maƙala a aljihun da babu komai, ya rufe kundi. Yau kwana uku bai ƙara ta da maganar ba. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ki taya ni da addu'a, kada kuma ki gaya wa Baba. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Juwairiyya

Hayyul Ashir, Alƙahira
20 ga Oktoba, 2013

Yayata,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi layya lafiya, kuma Baba bai matsa wa kansa da tsayuwar idi ba. Mu nan Sallar shiru muka yi. Ɗaliban da suka saba cika mana ɗaki da hayaniya kowa ya zauna inda yake, don an ce taron baƙi fiye da biyar yana jawo ido.

Na karanta amsarki har sau uku. Kin ce in durƙusa in gaya masa gaskiya tun abin yana ƙarami. Ke dai kullum maganarki a miƙe take, shi ya sa Inna ta fi aikenki kasuwa. Na yi niyya, wallahi na yi. Sai dai duk lokacin da na buɗe baki sai in gan shi duƙufe a kan kundin digirinsa, idanu sun yi ja, in ce bari dai ya gama karewa a Disamba. Amma yanzu ina tsoron abin ya wuce tsakanina da shi.

Kusan mako biyu ke nan Ammu Sharif ya canza. Mutumin da ke tare ni tun daga ƙofa ya karɓi ledar cefane, yanzu in ya hango ni sai ya sunkuya yana wanke matakalar da ya riga ya wanke. Akwai gidan shayi a ƙasan benenmu inda mazan unguwa ke zama. Da, in Malam zai wuce sai sun tsokane shi, ya shehin Najeriya, zo ka sha shayi. Yanzu in ya doso sai hira ta mutu, ba a jin komai sai ƙarar cokali a kofi.

Bakhita ce ta warware mini. Mijinta yana zama a wurin wani lokaci. Wai Ammu Sharif don murna ya kai sulen gidan shayin yana nunawa, yana tambaya ko zinariya ce. Ya bi hannu hannu. Wani ya ce ai wannan mai rawani da gemun shugaban wata ƙungiya ne. Wani ya nuna igwar da mutanen da aka rataye. Wani mai ɗan Turanci ya karanta rubutun ya tabbatar musu sunan ƙungiya ne a jiki. Kafin shayi ya huce magana ta zama cewa ɗalibin nan baƙar fata na hawa na biyar yana karɓar ƙulli daga waje, yana raba wa mutane alamar 'yan bindiga, kuma yana yawan zuwa wurin wani shehi mai farin rawani a Ataba. Ƙullin da suke nufi daddawarki ce, Yaya. Na yi dariya da na ji, sai kuma tsoro ya kama ni.

Jiya na ɗaure na sauka wurin tsohon da kwanon naman Salla. Na ce masa da ɗan Larabcina ya mayar mini da sulen, zan ba shi abin da ya fi shi. Bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, abin ba ya hannunsa. Wani mutum mai baƙin tabarau ya zo ya karɓa, ya kuma tambaye shi sunan Malam, da lokacin fitarsa, da masu zuwa wurinsa. Ya ce shi mai gadi ne, in an tambaye shi dole ya amsa, yana da 'ya'ya shida a ƙauye. Ya ƙi karɓar naman.

Na hau benen nan ina tsayawa a kowane hawa. Na shiga na tarar da Malam yana goge gilashinsa na duba sulalla, ya ɗago ya yi mini murmushi, ya ce me ya sa na sauka ban aike shi ba. Na ce iska na je sha. Ƙarya ta biyu ke nan.

Tun jiya duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na leƙa ta taga. Ki sa malaman gida su yi mana addu'a, ki ce dai ta sauka lafiya ce.

Taki,
Juwairiyya

Hayyul Ashir, Alƙahira
5 ga Nuwamba, 2013

Yaya Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. 

Sun zo. Ranar Laraba da safe, muna karin kumallo, shayinsa ko rabi bai sha ba. Mutum huɗu ne cikin kayan gida. Ba su yi ihu ba, ba su taɓa ni ba, ɗayansu har ya ce in zauna saboda cikina. Sun ɗauki kundin sulallan, da kwamfutar da aikinsa na shekara biyu ke ciki, da fasfo ɗinsa. Babbansu ya buɗe kundin ya tsaya a kan shafin nan, ya ciro sule daga aljihun rigarsa ya ɗora a kan gurbin da babu komai. Ya zauna daram. Na buɗe baki zan ce ni ce, sai Malam ya dube ni ya ce da Hausa in je in kashe gas, wai ya ji warin ƙonewa. Babu komai a kan wuta. Kafin in dawo sun fita da shi, har sun sauka hawa na huɗu.

Yau kwana shida. Bakhita ta raka ni ofishin jakadancinmu a Zamalek. Sun karɓe ni da mutunci, wani jami'i ya rubuta komai, ya yi ta buga waya har ya gano inda aka ajiye shi, amma ya ce irin wannan magana a wannan lokaci sai an bi a hankali. Daga nan muka wuce Ataba, muka yi ta tambaya cikin cunkoso har muka sami shagon Baba Singh. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Na fahimci abin da ya sa Malam ya durƙusa masa.

Na gaya masa komai, har da tukuicin. Shi ne mutum na farko da na gaya wa baki da baki. Ya ja carbin ulunsa, sannan ya ce laifinsa ne da ya ba baƙo irin wannan hoto a irin wannan gari bai yi tunani ba. Ya ja ƙofar shago ya kulle da rana tsaka. Ya ɗauki takardar da ta zo da sulallan, da wata jaridar ƙasarsu mai hotonsu, ya ce shi da kansa zai je ya gaya musu kuɗin kashewa ne na gwamnati, ana sayen shayi da shi a can. Maƙwabtansa na kasuwa sun riƙe masa hannu, suka ce da wannan rawanin da wannan gemun in ya shiga ba zai fito ba. Ya ce kakanninsa da ƙafarsu suka taka zuwa bakin igwa, shi ofis kawai zai je.

Shekaranjiya ya shiga. Har yanzu da nake rubutun nan shagonsa a kulle yake.

Mutum biyu ke nan, Yaya, saboda na ji kunyar tsoho ya sauka hannu wofi. Ba na iya cin daddawar nan. Na ba Bakhita rabi, sauran na rufe a gwangwani.

Ki gaya wa Baba yanzu, amma a hankali. Ki gaya wa mahaifiyar Malam cewa yana da rai kuma an san inda yake.

Ƙanwarki,
Juwairiyya

Ɗakin Bakhita, Hayyul Ashir
24 ga Nuwamba, 2013

Zuwa ga Yayata Yelwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da duk waɗanda suka yi ta tsayuwa saboda mu. Allah ya biya ku. Jikina lafiya, sai nauyi, likita ta ce ko yau ko gobe cikin makonni biyun nan.

Za a sako Malam, amma ba gida zai dawo ba. Ranar Alhamis za a ɗauke shi daga inda yake kai tsaye zuwa filin jirgi, ya sauka Kano da yamma. An soke izinin zamansa, ba kuma zai sake shigowa ƙasar ba. Ranar da aka sa masa ta kare kundinsa saura kwana goma sha tara. Kwamfutar ba a dawo da ita ba.

Baba Singh kwana uku ya yi a wurinsu. Ya ce da suka ga jaridar suka kuma tambayi masana, babbansu har dariya ya yi, ya ce ashe Turawan da suka addabi Masar su ne suka addabi waɗannan. Amma babban nasu ya ce takardar tuhumar Malam ta riga ta hau sama, kuma wadda ta hau ba ta saukowa ba hukunci a kanta. Dattijon ya fito ya rame. Yana sayar da kayan shagonsa, zai koma ƙasarsu bayan shekara ashirin da shida a Ataba.

Jiya jami'in ofishin jakadanci ya samo mini izinin ganin Malam na minti goma. Akwai ragar ƙarfe tsakaninmu. An aske masa gemun nan da ya ƙi taɓawa, sai da na dube shi sau biyu. Ban bari ya gama tambayar lafiyar cikin ba na gaya masa. Na ce ni na ɗauki mai tauraron, ni na ba Ammu Sharif tukuici, ni na yi masa ƙarya yana rarrafe a ƙarƙashin gado.

Yaya, ya ce ya sani. Tun washegarin ranar ya sani. Da ya fita da safe Ammu Sharif ya tare shi a matakala, ya ciro sulen daga aljihu yana godiya, yana cewa madam mai alheri ce, 'yar gidan mutunci. Ya ce ya tsaya yana kallon tauraron a tafin tsohon, zuciyarsa kamar ta fito. Kalma ɗaya zai faɗa a mayar masa. Amma ya ga in ya karɓa, ya gaya wa mai gadi ke nan cewa matarsa ta ba da abin da ba nata ba, kuma shi a gidansu bai taɓa ganin an ba da tukuici an dawo an karɓe ba. Sai ya ce masa Allah ya sa albarka, ya wuce. Gurbin da ya bari a kundi, wai jira yake in gaya masa da bakina, mu yi dariya, ya tsokane ni har ɗanmu ya girma ya ji labari.

A wurin tambaya kuwa, sau nawa aka tambaye shi wanda ya ba mai gadi sulen, ya ce shi ne. Tsohon ya ce musu madam ce, shi ya ce tsoho ya ruɗe, matarsa ko taɓa kayansa ba ta yi. Shi ya sa babu sunana a takardar ko sau ɗaya. Ya ce kada in yi kuka, ilmin yana kansa, ba su iya cire shi ba. Yana faɗa yana kallon ƙasa, na kuwa san ƙaninki, in ya kalli ƙasa abin ya kai masa ƙashi. Da na saurari bayaninsa ranar da nake kaɗa miya, ko da na buɗe baki a cikin wata guda da ya ba ni, da ya sauka ya nemi tsohon sun daidaita tun kafin mai baƙin tabarau ya zo.

Ni ba zan biyo shi ba. An ce jirgi ba ya ɗaukar mai ciki da ta kai inda na kai. Sai na haihu, an yi wa jaririn takardu, wataƙila wata biyu. Na koma ɗakin Bakhita, Allah ya saka mata. Kullum in za mu asibiti sai na wuce Ammu Sharif a ƙofa. Shekaranjiya ya miƙe kamar zai yi mini magana, sai ya koma ya zauna, ni kuma na wuce. Motar sojan nan tana nan inda take, gidan shayin kuma har yanzu yana yin shiru in na doso.

Baba Singh ya zo sallama da safiyar yau. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙo mini wani ɗan farin ƙyalle a ƙulle, ya ce in kai wa abokinsa. Sulensa ne na kansa, mai tauraro. Ban iya ƙi ba. Ba zan sa shi a takardar nan in jawo wa Hajiya Baraka abin da na jawo wa mutum biyu ba, ba zan kuma iya jefar da shi ba. Na tura shi can ƙasan gwangwanin daddawarki na rufe. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, can idona yake fara zuwa.

Don Allah ki sa maigidanki ya je Kano ya tarye shi ranar Alhamis, da riga da hula, don da kayan da aka ɗauke shi zai sauka. Kada kowa ya tambaye shi gemu, kada kowa ya tambaye shi digiri. Hajiya Baraka kuma da za ta kawo miki wannan, ki ba ta tukuicinta yadda Inna ta koya mana. Ki dai buɗe tafinki ki dubi abin da ke ciki kafin ki miƙa.

Ki yafe mini, ki roƙa mini sauka lafiya. Ina gaishe da kowa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Juwairiyya